Ƙarfen Injin Kawu Nomau

Ƙarfe ɗaya na je nema Turai, kuma duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya. Mutane suna zuwa su ɗauko mota, wasu su ɗauko digiri, wasu ma su ɗauko mata, ni kuwa abin da ya kai ni Beljik wani faifan ƙarfe ne mai haƙora, faɗinsa bai wuce na marfin tukunyar miya ba. Shi ne yake buɗe bakin injin ɗab'in kawuna yana rufewa. Ya tsage gida biyu, kuma a lokacin da bai kamata ba.

Kawu Nomau wan mahaifiyata ne, mutumin Tsibiri. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya koya mini jera haruffan dalma. Shagonsa yana bayan babbar kasuwar Maradi, kuma shekara da shekaru ba mu buga komai sai katin suna da na aure da rasit ɗin 'yan kasuwa. Sai ga dimokuraɗiyya ta zo. Jam'iyyu suka yi ta ɓullowa, ma'aikata suka shiga yajin aiki, kowa yana da magana, kowa yana son a buga masa ita a takarda. Manyan da ba su taɓa amsa gaisuwar Kawu ba sai ga su a bakin shago suna ce masa Malam. Ana tsakiyar wannan kasuwa ƙarfen ya karye. Masu walda suka haɗa shi, ya sake tsagewa. Aka je Kano, aka aika Legas, babu mai irinsa. Gidan Kawu da nawa duk da injin nan muke ci, ga shi ya yi shiru. Wani Alhaji Haruna na unguwar Zariya a nan Maradi, mai fataucin tsofaffin motoci, ya tausaya wa Kawu ya sa sunana cikin mutanensa masu zuwa sayayya Buruksel. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa ya ɗaura mini guzuri, na naɗe rabin ƙarfen a tsohon zane na bi su.

A Buruksel akwai wata unguwa kusa da mayanka inda ba ka ganin komai sai tsofaffin motoci da baƙar fata. Nan muka sauka, nan kuma na haɗu da Sale, wani dogo mai manto, rigar sanyi har gwiwa, da shegen daɗin baki. Ya ce shi ɗan wajenmu ne. Na tambaye shi gidan wa, ya jero mini sunayen mutanen da na sani har da laƙabinsu. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi ya yi murmushi.

"Wanga? Ai wanga ba komi ba ne, ɗan'uwa. Na san wani Bature can bakin teku da ya cika sito da irinsu. Kawo a kai mashi kahin wani ya riga mu."

Na ce to mu je tare. Ya ce Baturen ba ya son taro. Na ce to ya tafi da rabin ƙarfen ya gwada, ya ce ba sai ya ɗauki kaya ba, ya riga ya haddace shi. Ko jaki aka gaya wa haka zai ɗaga kunne, amma ni na zaro guzurin Kawu na damƙa masa, har da yi masa addu'ar sauka lafiya. Ban sake ganin ko ƙurar mantonsa ba.

Ban gama jinyar wannan ba labari ya zo cewa an karya darajar kuɗinmu na sefa. Mutanen Alhaji suka wayi gari abin da ke hannunsu ba zai sayi rabin motocin da aka aiko su saye ba. Suka tattara abin da ya samu za su koma. Babbansu, Malam Iro, ya ce in zo mu tafi, Kawu ai uba ne, zai yafe. Na ce da wane ido zan kalle shi? Babu ƙarfe, babu shanu. Ya girgiza kai ya bar mini tsohuwar rigar sanyinsa da lambar talhon ofishin Alhaji.

Na koma wankin mota a wani gareji. Ruwan wurin nan idan ya taɓa hannunka sai ka ji sanyinsa har cikin haƙora. Yatsun da suke iya zaro waƙafi daga cikin akwatin haruffa ba tare da na duba ba suka kumbura suka tsattsage, ko maɓallin riga ba na iya sawa. Wasu 'yan Gine suka ba ni gefen katifa a ɗakinsu, ba mu jin harshen juna sai guntun Faransanci, amma ba su taɓa cin shinkafa sun bar ni ba. Bizata ta ƙare, na koyi tsallaka titi idan na hango motar 'yan sanda. Matata Rabi 'yar Jiratawa ce, babanta yana noman rani a can, ta cusa mini busasshiyar zogala a jaka lokacin tahowa, ni kuwa har na yi mata tsiya na ce Turai za ni ba daji ba. Zogalar nan ita ta riƙe ni. Ina dafa ta kaɗan-kaɗan a gwangwani, ina ci ina juya wa 'yan ɗaki baya don kada su ga idona.

Na daɗe kafin na yi ƙarfin halin bugawa gida. Aka kira Kawu ofishin Alhaji, na gaya masa abin da Sale ya yi mini, ina jira ya zage ni. Sai ya ce:

"Isuhu, kana cin abinci?"

Na ce ina ci.

"To shi ke nan. Shanu na Allah na. Ni kullum ina tahowa in buɗe shago in shahe inji da mai, kar shi yi tsatsa kahin ka zo. Kar ka sa komi ga ranka."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na fito daga ɗakin talhon nan ina ganin tsohon a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, yana tahowa daga Tsibiri kowace safiya don ya shafa wa ƙarfe mai ya zauna yana kallon aikinsa ana wucewa da shi Kano.

Wata Lahadi ina yawon da ba shi da alƙibla a wata tsohuwar unguwa, sai na ji wani sauti daga tagar ɗakin ƙasa. Ban san lokacin da ƙafata ta tsaya ba. Duk wanda ya girma a shago ya san muryar injinsa, kuma wannan muryar injin Kawu ce, da buɗewarta da rufewarta da 'yar ƙarar da faifan tawada yake yi idan ya juya. Na sauka matakalar ba sallama ba komai. Wani tsohon Bature siriri, da gilashi a kan hanci da shuɗin gaba, ƙyallen aiki mai tabon tawada, ya ɗago ya dube ni. Maimakon in yi bayani sai na kwance zanen na miƙa masa rabin ƙarfen. Tun ranar da Sale ya gudu ba na rabuwa da shi.

Ya juya shi, ya dubi injinsa, ya sake duba shi, sai ya fashe da dariya. Ya tambaye ni daga ina. Na ce Maradi, ƙasar Nijar. Ya dafa injinsa ya ce ashe 'yar'uwar tsohuwar nan tasa tana raye a can. Sunansa Jef. Ya gaya mini kai tsaye cewa masana'antar da ta ƙera injin ta rufe tun kafin a haife ni, amma yana da abokai masu tara tsofaffin kaya, zai tambaya. Sannan ya ɗauko sandar jera haruffa ya miƙo mini ya nuna akwati. Da yatsun nan nawa masu kumburi na jera masa layi. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya tambaye ni inda nake kwana. Kafin rana ta faɗi ina da ɗaki a saman shagon, da bargo, da miyar dankali mai zafi a gabana. Daga ranar na fara ce masa Baba Jef. Ya ce bai taɓa haihuwa ba, na ce a wajenmu ba a tambayar wannan.

Baba Jef ya daɗe da barin aikin kasuwa. Abu ɗaya yake bugawa, katunan hoton tiram. Tiram ƙaramin jirgin ƙasa ne mai bin tsakiyar titi da waya a kansa, kuma akwai wasu tsofaffi a garin nan da suka haukace a kansa, musamman tsofaffin da aka daina aiki da su. Kowace Asabar sai su cika shagon, kowa da ambulan ɗin hotunansa. Shugaban surutunsu wani mai tumbi ne, Pol, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ba ya rabuwa da kyamara a wuya. Na ga mutane suna musu a kan gado, na ga ana musu a kan siyasa, amma ban taɓa ganin dattawa sun yi jajir da fuska a kan ko fitilar wani tarago tana sama ko tana ƙasa a zamanin yaƙi ba sai a nan. Wata rana suka tafi da ni ɗaukar hoto. Muka tsaya a sanyi har ƙafata ta mutu, tiram ɗin ya zo, wata mata da kare ta gifta, Pol ya sauke kyamara yana tsaki ya ce sai mu jira na gaba. Na ce ni a garinmu idan za a ɗauki hoto mutane ake jira su zo, ba su wuce ba. Suka yi ta dariya, suka ce in maimaita wa wanda bai ji ba.

Hotunan nan ana kai su a zuba su a kan faranti na tutiya, mu kuma mu jera bayani a ƙasa mu buga. Aikin hannuna ne, na iya shi, kuma suna yaba mini. Yatsuna suka warke, har na yi kumatu. Gaskiya na ji daɗin zaman nan, kuma jin daɗin shi ne ya fi damuna. Sai ina tsakiyar dariya da su Pol in tuna Kawu yana zaune gaban inji mai shiru, dariyar ta gushe. Baba Jef yana ta buga talho garuruwa, amsa ɗaya ake ba shi: an narkar, an jefar, an kai gidan tarihi. Ni kuma ina cin abincinsa, ina kwana a ɗakinsa, ba ni da abin da zan saka masa da shi. Wannan ma wani nauyi ne.

A ƙuryar shagon akwai wata kanta da ba ya taɓawa. A kanta an jera shafuka na haruffa da aka riga aka haɗa, kowanne an ɗaure shi da zare, sun yi ƙura. Duk lokacin da na wuce sai idona ya tsaya a kansu, saboda a shagon Kawu wannan babban laifi ne. Haruffanmu kaɗan ne, ba mu da inda za mu ƙaro. Idan ka gama buga aiki, a take za ka warware shafin ka mayar da kowane harafi gidansa, in ba haka ba gobe ka zo jera katin wani ka tarar babu abin jerawa. Na sha ranƙwashi a kan wannan har ya zama mini jiki. Mai barin shafi a ɗaure, a wajen Kawu, ragon ma'aikaci ne. Rubutun da ke cikin shafukan ba Faransanci ba ne, harshen Filaman ne na su Baba Jef, ban iya karanta ko kalma ba. Wata rana kuma na ga ya jawo wani akwati yana neman haruffa masu kyau ƙanana, ya tarar kusan babu komai a ciki, ya tura shi ya ce mu yi da wasu. Na dubi akwatin, na dubi kantar, na gane inda haruffan suka tafi. Na ce a raina tsufa ne, hannu ya gaji, babu mai taimaka masa.

Ban tambaye shi ba. A yadda aka rene ni, wanda ake ciyarwa ba ya jira a sa shi aiki, kuma ba ya zuwa ya ce wa babba ga ƙazantar da ka bari, in kwashe? Ka gani, ka yi, ka yi shiru.

Dama ta samu da suka shirya tafiya wani gari a ƙetaren iyaka, inda za a rufe wani tsohon layin tiram, suna son su ɗauke shi hoto a ranarsa ta ƙarshe. Ni ba ni da takardun tsallakawa, sai aka bar mini makulli. Suna fita na naɗe hannun riga. Na share ƙasa, na wanke tagogi, na goge injin har yana ɗaukar ido. Sannan na sauko da shafukan ɗaya bayan ɗaya, na kwance zaren, na fara watsa haruffa cikin gidajensu. Ina aikin ina 'yar waƙata. Na lura da abu ɗaya: haruffan fes suke, babu alamar tawada ta taɓa taɓa su. Na tsaya da layi a hannuna na ɗan yi tunani, sai na ce wataƙila aikin wani ne da ya fasa biya. Na ci gaba. Shafi na ƙarshe ma bai cika ba, ya tsaya a tsakiyar layi. Da na gama, akwatin nan ya cika taf, kantar kuma na goge ta da tsumma. Na nannaɗe zarurrukan na ajiye a gefe, don a wajenmu ko zare ba a yarwa.

Suka dawo da rana tsaka, Pol yana gaba yana ba da labari tun daga matakala. Baba Jef ya shigo ya ga ƙasa tana ƙyalli ya yi murmushi. Ni ina tsaye gefe kamar ango, ina jiran yabo. Sai ya juya wajen ƙurya. Murmushin bai ɓace nan take ba, ya ɗan tsaya a fuskarsa. Ya taka a hankali ya ɗora tafin hannu a kan kantar. Ya jawo akwatin ya ga ya cika. Ya tura shi, ya cire hularsa, ya hau sama.

Pol ya kama hannuna ya zaunar da ni. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sai da ya yi ta share gilashinsa kafin ya iya magana. Ya ce matar Baba Jef, Madam Lena, ita ma mai jera haruffa ce, tare suka riƙe shagon nan. Mahaifinta direban tiram ne. Da ciwo ya kama ta, ta ce kafin ta tafi za ta ajiye labaran da babanta ya ba ta, da na ƙuruciyarta a cikin tarago, da yadda suka haɗu da Jef a wata tasha. Ba ta rubuta a takarda ba. Tsofaffin ma'aikata suna iya jerawa kai tsaye daga ka, haka ta yi, tana zaune a kujera an sa mata akwati a gaba. Ta rasu ba ta gama ba. Jef bai taɓa sa musu tawada ba. Da safe kafin kowa ya zo yakan tsaya ya karanta su a jikin dalmar, daga dama zuwa hagu, yana bin su da yatsa.

Na ce, "Babu kwafi? Ko guda?"

Pol ya ce babu.

Na ce, "Bai haddace ba? In ya faɗa mini zan jera su kamar yadda suke, wallahi ba zan kwanta ba sai na gama."

Ya dube ni da tausayi, wanda ya fi mari ciwo. Ya ce ko ya haddace, hannun wa ya jera?

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Sale ya cuce ni da gangan, ni kuwa na yi wa mutumin da ya ɗauke ni daga titi abin da ya fi na Sale, ina waƙa. Na tuna lokacin da na tsaya da layin nan mai tsabta a hannuna. A nan ya kamata in ajiye, kuma wani abu a raina ya ce in ajiye, amma son a yaba mini ya fi ƙarfi. Na hau sama na tattara kayana a jaka. Ina saukowa na tarar da shi a bakin ƙofar kicin. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa uba, na ce ya yafe mini, na ce ban sani ba, na yi ta maimaitawa. Ya ce in tashi, ba ya son wannan. Ya dubi jakar ya ce ina za ni, wajen 'yan sanda? Ya ce in mayar da ita.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi wankin mota wuya. Bai kore ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Da safe in tarar ya yanka burodi ya ajiye nawa a faranti kamar kullum, ni kuma in kasa ci. Ya daina sauka shago da sassafe. Asabar ta zo, tsofaffin suka taru suna magana ƙasa-ƙasa, babu musu, babu mai kallon ƙurya. Ban sake tambayarsa zancen ƙarfe ba, da wane baki? Na riga na sallama. Na buga ofishin Alhaji aka ce su Malam Iro suna hanyar dawowa sayayya, na ce su ajiye mini wuri, zan bi su hannu wofi.

Ana saura kaɗan mu tashi ya kira ni shago. Pol yana nan. Baba Jef ya sa shuɗin gabansa, ya baza manyan kile na kwance ƙusa a kan tebur. Ya ce in riƙe masa babbar ƙafar injin kada ta juya. Sai da ya sa kile a kan ƙusar da ke riƙe da faifan mai haƙora na gane abin da zai yi. Na saki ƙafar na ce a'a. Pol ma ya miƙe.

"Jef, ka yi hankali! In ka cire wannan injin ya mutu. Katunanmu fa?"

"Ku kai wa masu sabon inji, sun fi ni sauri."

Na ce, "Baba, ba zan karɓa ba. Bayan abin da na yi?"

Ya ci gaba da murɗa kile bai dube ni ba. Ya ce, "Ka san me ya sa na riƙe injin nan? Kullum ina cewa wata rana zan buga shafukanta. Ba zan taɓa bugawa ba, na sani, don in na buga sai in ga inda ta tsaya a kan takarda. To yanzu ba ni da abin bugawa. Kawunka yana da shi." Ya ɗan tsaya ya huta. "Kada ka ɗauka na daina jin zafi. Ban daina ba. Riƙe ƙafar nan."

Na riƙe. Ƙusar ta daɗe ba ta motsa ba, sai da muka haɗa ƙarfi mu uku. Ya goge faifan da tsumma, ya shafa masa mai, ya naɗe shi da kansa. Ranar tafiya Pol ne ya raka ni. Baba Jef ya ba ni hannu a saman matakala ya ce in gaishe da Kawu, ya koma ciki.

Muka sauka Kwatano muka jira motocin Alhaji suka fito daga jirgin ruwa, muka kamo hanya a jere. Ban yarda ƙarfen ya shiga but ɗin mota ba, a cinyata ya yi tafiyar nan duka. A kan iyaka wani ɗan duwan mai binciken kaya ya sa na kwance shi, ya ɗaga shi ya ce, "Kai duk Turai wannan ka samo?" Abokan tafiya suka kwashe da dariya. Na ce masa shi ne.

Na tarar da Kawu a shago, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Bai bari na sha ruwa ba ma, ni ma ban nema ba. Muka durƙusa gaban injin, maƙwabta suka cika ƙofa, har da masu waldar da suka gaza. Faifan ya shiga mazauninsa kamar tare aka ƙera su. Kawu ya ɗora ƙafa ya taka, bakin injin ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. Wata mai sayar da fura a waje ta rangaɗa guɗa. Kawu ya yi ta takawa babu takarda babu tawada, hawaye yana bin gemunsa.

Da mutane suka watse ya zaunar da ni a benci ya ce in ba shi labarin mai ƙarfen. Na ce tsoho ne, ma'aikaci irinsa, daga jikin injinsa ya ciro. Kawu ya riƙe baki.

"Daga nashi injin? Shi kashe nashi don nau shi tashi? Kai Isuhu, Bature ba ya haka banza. Mi ka yi mai?"

Na dubi fuskarsa. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a kanta har na manta. Na ce, "Na share masa shago, Kawu. Na mayar masa da haruffa gidajensu."

Ya buga cinyarsa ya yi dariya har da tari.

"Ka gani ko? Ka ga amfanin ranƙwashin da kake jin haushi! Abin da na koya ma ba ya kunyata ka ko ina ka tahi."

Ya miƙe yana ta murna ya leƙa waje ya kira mai shayi, yana ba shi labari tun kafin ya iso. Ni kuma na jawo akwatin haruffa, don an riga an kawo aikin gobe.